Zan cike aikin jarida a JAMB, Yayana ya ce asarar shekara huɗu ce

Ummi Funtuwa:
Assalamu alaikum iyaye da yayye na wannan zaure. Shawara nake nema don Allah. Bana na gama sakandare, kuma tun ina ƙaramar sakandare ba abin da ke raina sai aikin jarida. A gidanmu da rediyo muke tashi, Baba yana dawowa daga sallar asuba zai kunna ta, kusan duk masu karanta labarai na san su da murya. Niyyata in cike Mass Comm, wato fannin aikin jarida da yaɗa labarai, ko Bayero ko Zariya. Jiya Yayana ya zaunar da ni ya ce in sake tunani. Wai yanzu duk mai waya a hannu ɗan jarida ne, kuma ga abokansa biyu da suka karanta shi, ɗaya yana POS, ɗaya yana koyarwa a wata firamare ta kuɗi. Ya ce in karanta lauya ko aikin jinya, in ya so daga baya in shiga jaridar idan har lokacin ina so. Baba ya ce shi ba fanninsa ba ne, in tambayi masu abin. Shi ne na zo.

Sadiq Ƙofar Mata:
Wa alaikumus salam. Ƙanwata, ni ganau ne ba jiyau ba. Na karanta shi, na gama, na yi bautar ƙasa. Bayan nan na yi wata 14 a wani gidan rediyo mai zaman kansa, ko sau ɗaya ban ga albashi ba. Katin shaida aka buga min, shugaban ɗakin labarai ya ce min da bakinsa wannan katin shi ne gonarka. Ma'ana in je taro, in jira a tashi, a raba ambulan ɗin kuɗi. Da kuɗin aljihuna nake hawa adaidaita in ɗauko musu rahoto. Da na gaji na ajiye, yanzu ina shagon wana a kasuwar Kwari. Yayanki ba ƙinki yake yi ba, ki ji maganarsa.

Anti Rabi:
Sadiq, Allah ya musanya maka da mafi alheri. Abin da ka faɗa yana faruwa, ba mai ƙaryata ka. Amma kada a yanke wa yarinya hukunci da gida ɗaya. Ni ma shi na karanta, shekarata 11 ina aikin, da shi nake biya wa 'ya'yana kuɗin makaranta. Ummi, tambaya ɗaya kafin komai. Me kike so a ciki? A ji muryarki, ko ki tono abin da mutane ba su sani ba ki gaya musu? Don minti goma ake yi a gaban makirfo. Sauran yinin kiran waya ne, da zaman jira a ƙofar ofishin wanda ba ya son ganinki, da sake rubuta abu ɗaya sau uku.

Ummi Funtuwa:
Anti, gaskiya da farko muryar ce. Amma bara aka ce an kawo taki mazaɓarmu an raba, Baba da maƙwabtansa ba wanda ya ga ko buhu ɗaya. Ranar na ji ina ma ni ce zan je in tambaya ina ya shiga.

Baba Ɗanjuma Kaduna:
'Yata, Allah ya yi miki albarka, wannan amsar ta ɗan jarida ce.

Ni shekara 35 na yi a wani gidan rediyon gwamnati har na yi ritaya, kuma ban taɓa zama a ajin jami'a ba. Da takardar malanta mai daraja ta biyu na shiga. Waɗanda suka kafa aikin nan a Arewa yawancinsu haka suke. Malam Abubakar Imam malami ne a Midil ta Katsina kafin ya zama editan Gaskiya Ta Fi Kwabo a Zariya a 1939. Lokacin da aka buɗe gidan rediyo da talabijin na Kaduna a 1962, babu jami'a ko ɗaya a Arewa da ke koyar da aikin. A bakin aiki aka koya. Mu da muka zo daga baya a teburin fassara aka fara ajiye mu. Labari zai zo da Turanci daga kamfanin dillancin labarai, a ba ka rabin awa ka mayar da shi Hausar da manomi zai gane yana kan keke. Ka kai wa babba, ya karanta layi biyu, ya miƙo maka ya ce sake. Da reza muke yanka tef muna liƙewa.

Duk da haka ba zan ce miki karatun banza ne ba, kuma ga dalilina. A shekarata ta biyu aka kawo labarin wani mutum da aka gurfanar gaban kotu bisa zargin sata. Ni kuma cikin sauri na rubuta "ɓarawon", aka karanta haka a labaran yamma. Bayan wata uku kotu ta wanke shi. Mutumin nan ya zo har gidan rediyo, bai yi faɗa ba, ya ce yana son ganin wanda ya rubuta. Ya gaya min an fasa auren 'yarsa saboda wannan kalma. Yau sama da shekara arba'in, ban manta fuskarsa ba. Da akwai wanda ya zaunar da ni a aji ya bambance min wanda ake zargi da wanda ake tuhuma da wanda aka samu da laifi, da ban ɗauki wannan alhaki ba.

Malam Nura:
Baba, Allah ya ƙara lafiya. Ka faɗi abin da muke yi a aji fiye da yadda ni zan faɗa.

Ummi, ni ina koyar da fannin, bari in gaya miki abin da za ki tarar. Karatun ba sabo ba ne a ƙasar nan, jami'ar Nsukka ta fara shi tun 1961. Kuma ki sani, a 2020 hukumar jami'o'i ta NUC ta sanar da raba Mass Comm gida bakwai: aikin jarida, watsa shirye-shiryen rediyo da talabijin, hulɗa da jama'a, talla, fim, sadarwa don ci gaban al'umma, sai nazarin bayanai da kafofin yaɗa labarai. Ba duk jami'o'i ne suka raba a lokaci ɗaya ba, don haka ki buɗe littafin JAMB ki duba sunan da jami'ar da kike so take amfani da shi da darussan da take nema. Galibi za ki ga ana son Turanci da adabin Turanci. Abin da kika ce game da taki, aikin jarida ne tsantsa, kada ki je ki cike talla cikin rashin sani.

A shekara huɗun nan za ki koyi rubuta labari, da tace shi, da hira, da ɗaukar hoto da murya, da hanyoyin bincike. Za ki fita sanin makamar aiki a wani gidan jarida na wasu watanni. Sannan doka. Sashe na 22 na tsarin mulkin 1999 ya ɗora wa 'yan jarida nauyin sa ido kan gwamnati, sashe na 39 ya ba kowa 'yancin faɗar albarkacin baki. Dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 ta ba ki damar rubuta wa ma'aikata ki nemi takarda, ta kuma ba su kwana bakwai su amsa. Takardar rabon takin nan, da wannan dokar ake neman irinta. A ɗaya gefen kuma akwai sashe na 24 na dokar laifukan intanet ta 2015, wanda aka sha kama 'yan jarida da shi har aka yi masa gyara a 2024. Mai waya a hannu da Yayanki ke magana, sau da yawa sai ya ji shi a ofishin 'yan sanda yake sanin akwai wannan sashe.

Alhaji Tijjani:
Malam Nura, ka san ina girmama ka, amma ni edita ne, ni nake karɓar kayan da kuke yayewa. Duk wanda ya zo neman aiki wurina gwaji ɗaya nake masa. In ba shi shafi biyu na kasafin kuɗin jiha in ce ya fito min da labari. Wallahi a cikin masu digirin Mass Comm akwai waɗanda ba sa bambance miliyan da biliyan, ba sa bambance kuɗin ayyuka da kuɗin albashi. Za su zano maka tarihin ka'idojin sadarwa da sunayen Turawan da suka ƙirƙiro su, amma sakin layi na farko ya gagare su. Sai in ɗauki yaron da ya karanta tattalin arziki ko lauya ko aikin gona, cikin wata shida na koya masa yadda ake jera labari. Shi kuwa abin da ya kwashe shekara huɗu yana koya, ni ba zan iya koyar da shi a ɗakin labarai ba. Wanda ya fi kowa iya rahoton lafiya a wurina jinya ya karanta. Don haka ni ina ganin Yayan yarinyar nan bai kauce ba. Ta je ta san wani abu sosai, rubutun zai zo.

Malam Nura:
Alhaji, ban musa ba. Aji ɗaya sai ka ga ɗalibi ya haura 200, kyamarorin da ke aiki ba su fi a ƙirga da yatsu ba. Malami ɗaya ba zai iya gyara rubutun mutum 200 duk mako da jan biro ba, kuma rubutu ba ya gyaruwa sai da jan biro. Amma in tambaye ka, a cikin masu tattalin arzikin nan nawa ne suka zo wurinka? Mafi yawansu banki suke nema. Wanda ka samu, ka samu ne don tun asali yana da ciwon aikin. Kuma yarinyar da aka tura jinya ba ta so, ba lallai ta gama da sauran ƙarfin dawowa jarida ba.

Alhaji Tijjani:
Wannan kuma gaskiya ne. Su kaɗan ne.

Anti Rabi:
Ku bar ni in shigo da abin da ya fi damuna, don ba wanda ya taɓo shi sai Baba a fakaice. Shekara huɗu aka koyar da ni da Turanci. Jarrabawa da Turanci, binciken kammala digiri da Turanci. Ranar da na fara aiki aka ajiye min takardar babban banki kan hauhawar farashi aka ce minti ashirin, da Hausa. Na zauna ina kallonta. Hausa yarena ce, da ita na tashi, amma ban taɓa rubuta ta don kunne ba. Na yi ta bin Turancin kalma bayan kalma, abin da ya fito ba Bahaushen da zai gane shi.

Alhali ku duba inda aikin yake ga ɗan Arewa. BBC ta fara Hausa a 1957, Jamus ta biyo baya a 1963, Muryar Amurka a 1979, Faransa a 2007, ga Turkiyya ta shigo da TRT Afrika a 2023. A gida ga Freedom a Kano tun 2003, ga Aminiya tun 2006, ga Arewa24 tun 2014, ga tashoshin FM birjik a kowace jiha. Duk gwajin ɗaukar aikin da na taɓa zama, fassara ce ke kayar da mutane. Mai digiri mai daraja ta ɗaya ya faɗi, wanda ya karanta Hausa a kwalejin ilimi ya wuce.

Don haka Ummi, in kin shiga, ki riƙa leƙa sashen harsunan Nijeriya kina ɗaukar darussan Hausa da fassara duk inda aka ba ki zaɓi. Ki koyi ƙa'idar rubutu, inda ake raba kalma da inda ake haɗewa, da haruffa masu ƙugiya. In akwai rediyon makaranta, kamar BUK FM a Bayero, ki manne a can tun daga aji ɗaya ko da shara za a fara ba ki. Kada ki jira sai an tura ki sanin makamar aiki.

Ibrahim Damagaram:
Anti, kamar kin san halin da muke ciki a nan Nijar. Mu makarantar IFTIC ta Yamai ce ta horar da mafi yawan 'yan jaridarmu, kuma da Faransanci ake karatu. Kana fitowa ka tarar masu saurare Hausa da Zabarmanci suke so. Kafar shirye-shiryen rediyo ta Studio Kalangou ma da harsuna biyar take shirye-shirye, Faransanci ɗaya ne kawai a ciki, sauran Hausa, Zabarmanci, Fulatanci da Tamashek. A gidajen rediyon karkara kuwa akwai mutanen da ba su da babbar takarda amma duk gari ba mai kashe rediyo idan suna magana. Sai dai ƙanwata ki sa a ranki aikin yana tafiya da yanayin mulki. A nan an dakatar da gidan rediyon Faransa RFI a Agustan 2023, an kuma dakatar da BBC a Disambar 2024. Masu aiko musu da rahoto daga nan su suka fara ji a jikinsu.

Sadiq Ƙofar Mata:
Shi ne abin da nake faɗa. Kowa a ajinmu burinsa gidan rediyon waje. To mutum nawa suke ɗauka a shekara? Kuma ga abin da ya sami Muryar Amurka a Maris na 2025, dare ɗaya gwamnatin Trump ta tura ma'aikata gida, sashen Hausa ya yi tsit. In can ma ba tabbas, ina ga gidan da mai shi ɗan siyasa ne, rabin lokacinsa an sayar wa sojojin baka?

Baba Ɗanjuma Kaduna:
Sadiq ɗana, ciwon da ke ranka na ji shi. Wanda ya sa ka aiki wata 14 bai biya ka ba ya ci haƙƙinka, kuma shi ya tura ka layin ambulan. Amma ka yi abin da ya dace da ka ajiye. Na ga waɗanda suka zauna a layin nan shekara ashirin, daga ƙarshe ko gaskiya suka faɗa ba mai yarda. Kuma kada ka ce ka bar aikin. Kana Kwari, kasuwar da ake zuwa sari daga Nijar da Chadi da Kamaru. Wa ke rubuta yadda canjin dala ke taɓa farashin atamfa daga cikin kasuwar? Kana da horon, kana da wayar.

Maman Khalifa:
Ni uwa ce, ta nan zan duba. Ba maganar albashi ba. 'Ya mace, aikin dare, yawo cikin maza, yau tana gidan gwamnati gobe tana wurin da aka yi tashin hankali. Mun ga yadda aka kashe Enenche Akogwu na gidan talabijin ɗin Channels a Kano ranar harin 20 ga Janairun 2012, yana bakin aiki. Sannan ga bakin mutane, ga maganar aure. Ba kowane miji ne zai yarda matarsa ta fita ƙarfe biyar na asuba don labaran safe ba. A gaya mata wannan ma, kada a nuna mata gefe ɗaya.

Alhaji Tijjani:
Hajiya, haɗarin gaskiya ne, kuma bai bar maza ba. An kashe ɗan jarida Dele Giwa da bam a cikin wasiƙa a 1986. Kafin nan an ɗaure Tunde Thompson da Nduka Irabor shekara guda ƙarƙashin doka ta 4 ta 1984. Amma batun 'ya mace, ki tuna da marigayiya Hajiya Bilkisu Yusuf. Ta riƙe editan Sunday Triumph a Kano, ta riƙe editan New Nigerian a Kaduna, da lulluɓinta da mutuncinta, har Allah ya karɓi ranta a turmutsitsin Mina a 2015. Kuma Malam Nura ka lura, digirinta na farko kimiyyar siyasa ne a ABU.

Malam Nura:
Na lura Alhaji. Ka kuma lura daga baya ta je ta yi karatun aikin jaridar.

Anti Rabi:
Maman Khalifa, ni da aurena da 'ya'ya uku. Ba zan ce da sauƙi ba. Akwai shekarar da nake fita kafin asuba, mijina ke shirya yara. Tun kafin a ɗaura muka yi wannan maganar a gaban iyaye. Kuma akwai ƙofofin da ni ke shiga namiji ba zai shiga ba. Ɗakin haihuwa a asibitin karkara, cikin gidan da aka yi rasuwa, tantin mata a sansanin 'yan gudun hijira. In ba mu a aikin, labarin matan nan a bakin wa za a ji shi?

Ummi Funtuwa:
Na nuna wa Yaya duk abin da kuka rubuta. Ya ce in ba shi wayar.

Salamu alaikum, ni ne yayan nata. Na gode wa kowa, musamman Baba. Ni ba ƙin karatun nake ba. Ni nake biyan kuɗin makarantarta, kuma akwai ƙanne uku a bayanta. Tsorona kada ta gama ta dawo ɗaki ta zauna. In akwai hanyar da za a gane da gaske za ta iya kafin a zuba shekara huɗu, ni ba ni da ja.

Malam Nura:
Malam, tambayarka a kan hanya take. Akwai kuma hanyar kwalejin kimiyya da fasaha, kamar ta Kaduna ko ta Kano, ta yi difloma ta shekara biyu, in ta ga da gaske ne ta shiga jami'a kai tsaye daga aji biyu. In ta ga ba haka ba, shekara biyu ce ta tafi ba huɗu ba, kuma tana da takarda a hannu.

Anti Rabi:
Ni kuma ga gwaji mai sauƙi, ba ko sisi. Ummi, gobe ki sa Yaya ya raka ki kasuwar hatsi. Ki tambayi mutum uku farashin masara, ki tambaye su nawa take wata ɗaya da ya wuce, da abin da suke ganin ya jawo canjin. Ki dawo ki rubuta da Hausa, kada ya wuce kalma 150. Ki karanta a waya ki turo nan da muryarki. Ni da Alhaji za mu duba, Baba ya duba Hausar.

Baba Ɗanjuma Kaduna:
Na karɓa. Ki fara da sallama da gaisuwa kafin tambaya, kuma ki gaya musu dalilin tambayar.

Ummi Funtuwa:
Mun je mun dawo. Amma na rikice. Mutum ukun kowa farashinsa daban, na ukun ma ya ce kada in faɗi sunansa. Ɗaya ya ce tsadar mota ce ta jawo, ɗaya ya ce masu ɓoye hatsi ne. Wanne zan rubuta?

Alhaji Tijjani:
Duka ukun za ki rubuta, kowa da abin da ya faɗa. Wanda ya ce a sakaya sunansa ki ce wani ɗan kasuwa. Maganar masu ɓoye hatsi zargi ne, ki jingina ta ga wanda ya faɗa, kada ki faɗe ta da bakinki. Sannan kin tambaye su buhun nasu tiya nawa ne, kuma sabuwar masara ce ko ta bara?

Ummi Funtuwa:
Ban tambaya ba Alhaji. Yaya ya ce zai mayar da ni bayan la'asar.